Yadda Ake Jan Tirela Mai Faranti da A-kori-kura Mai Gajeren Bodi

Mai safarar shanshera daga fadamar Argungu ko Suru, da mai ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Jega, sukan faɗa cikin matsala iri ɗaya: kaya sun fi ƙarfin bodin a-kori-kura, amma ba su kai a ɗauko musu babbar mota ba. Wata mafita ita ce a sa wa a-kori-kurar tirela mai hawa cikin bodi, wato irin haɗin da ke tsakanin kan babbar tirela da jikinta, sai dai ƙarami. A Amurka haka ake jan manyan ɗakunan kwana masu taya da kayan gona, kuma daga can yawancin kayan haɗin suke zuwa, shi ya sa awonsu yake da inci da ƙafa.

Haɗin kashi biyu ne. A cikin bodi akwai faranti na ƙarfe mai tsaga a bayansa, da muƙamuƙi a ciki. A ƙarƙashin wuyan tirela kuma akwai turke mai kaurin inci 2, wanda ke shiga tsagar, muƙamuƙin ya cafke shi. Amfanin wannan tsari a kan ɗaura tirela a bayan bamba shi ne nauyin gaban tirela yana sauka daidai kan aksul ɗin baya. Gaban mota ba ya ɗagawa, tirela ba ta rawa idan iska ta buge ta ko babbar mota ta wuce. Wannan amfani yana nan ne muddin turke yana kan aksul ko ɗan gaba da shi kaɗan, inci 1 zuwa 2. A mota mai gajeren bodi kuwa, a nan gizo ke saƙar.

Awon da za ka fara yi kafin ka biya ko sisi

Tirelolin da ake ƙerawa a Amurka faɗinsu ƙafa 8 ne, wasu ƙafa 8 da rabi. Ƙafa 8 inci 96 ke nan, rabinsa 48. Idan ka karya kwana har tirela ta gicciye da mota, gefenta zai matso gaba da turke da inci 48 cif. To inci nawa ne daga turke zuwa bayan gidan direba? A mota mai dogon bodi na ƙafa 8, kusan inci 56 ne, saboda haka akwai rarar inci 8. A mai bodin ƙafa 6 da rabi, wajen inci 40 ne. Mai ƙafa 5 da rabi ba ta ma kai haka ba. Hilux mai ƙofa huɗu, wadda bodinta bai wuce mita ɗaya da rabi da ɗan abu ba, ita ce ta fi kowa ƙarancin wuri.

Ɗauki mai inci 40 ɗin nan. Idan turke yana daidai ƙarƙashin fuskar tirela, kusurwar gabanta za ta taɓa gidan direba tun kwana tana wajen digiri 56. Idan fuskar tirela ta zarce turke da inci 10, tun a digiri 43 za ta taɓa. Wannan ba wata muguwar kwana ba ce. Ita ce kwanar shiga ƙofar sito da ribas, ko juyowa a bakin kasuwa. Abin da ke fara tafiya gilashin baya ne, sai ginshiƙin gidan direba ya lotse, kuma sau da yawa direba ba ya gani sai ya ji ƙara, domin hankalinsa na kan madubin ɗaya gefen.

Ka yi awon da kanka, kada ka dogara da sunan mota. Ka sami tsakiyar aksul ɗin baya, ka ɗago layinsa cikin bodi, ka sa alama da alli a tsakiya. Ka auna daga alamar zuwa bayan gidan direba. Idan akwai ƙarfen kariya a bayan gilashi ko akwatin kayan aiki, to daga shi za ka auna. Sannan ka je wurin tirela ka auna biyu: rabin faɗinta, da kuma tazarar da ke tsakanin turke da kusurwar gaba, a karkace. Wanda ya fi tsawo a cikinsu shi za ka riƙe. Yanke igiya daidai wannan tsawon, wani ya danne bakinta a kan alamar alli, kai kuma ka zagaya da ɗaya bakin. Duk abin da igiyar ta taɓa, tirela za ta taɓa shi.

Ƙa'idar ita ce a sami rarar aƙalla inci 4 bayan an cire wancan awo. Mu dai a hanyoyinmu mun fi son inci 6, domin inci 4 ɗin an yi shi ne da shimfiɗaɗɗen wuri a rai. Lokacin da mota ta sauka daga kwalta zuwa hanyar gona, ko ta fara hawa gangaren gidan mai alhali tayoyin tirela suna ƙasa, saman tirela yakan sunkuyo wajen gidan direba, rarar ta ragu.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari

Da zarar an ga wuri bai isa ba, shawarar da ke fara zuwa ita ce a ja farantin baya a kafe shi can. Kada ka yarda. Idan turke ya koma bayan aksul, nauyin tirela zai riƙa danne ƙarshen mota yana ɗaga gabanta. Tayoyin gaba su ne na sitiyari, su ne kuma ke yin yawancin aikin birki, to sai ga shi an rage musu kamun ƙasa. A busasshiyar kwalta da ƙaramin gudu ba za ka ji komai ba. Ranar da aka yi ruwa, ko shanu suka ɓullo maka a kwana tsakanin Koko da Yauri, sai ka murza sitiyari mota ta miƙe. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Hanyoyin da suka dace guda huɗu ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Ta farko faranti mai zamewa da hannu. Yana kan dogo biyu, yana da mazauni biyu: na gaba a kan aksul don tafiya, na baya don juyi. Yawancinsu suna ja da baya inci 10 zuwa 14. A misalinmu, 40 da 14 sun zama 54, a cire 48, saura 6. Ya wadatar. Da mai inci 10 ne, saura 2 kawai, bai isa ba. Aibinsa ɗaya, sai direba ya sauko ya zare hannun kafin kowace matsattsiyar kwana, kuma ranar da ya ce bari dai ya gwada a haka, ranar gilashi ke fashewa.

Ta biyu faranti mai zamewa da kansa, irin SuperGlide na kamfanin PullRite. Da tirela ta fara karkata, shi ma sai ya fara ja da baya, wasu har sama da inci 22. Shi ne ya dace da bodin ƙafa 5 da rabi. Yana da tsada, yana da nauyi, sai an ɗaura wani ƙarfe a wuyan tirela da zai riƙa murza shi, kuma ba ya haɗuwa ko rabuwa sai mota da tirela suna kusan miƙe. A wurin lodi mai ƙunci wannan takura ce ta gaske.

Ta uku a canza wuyan tirela. Wuya mai tsawo, wanda ke fito da turke gaba da fuskar tirela, yana jinkirta karon ne kawai. A misalinmu, idan turke ya fito da inci 10, karon zai koma wajen digiri 66, amma idan aka gicciye sarai gefen tirela yana nan a inci 48. Wanda ke kawar da matsalar shi ne wuya mai juyawa, irin Sidewinder na Reese, wanda ke mayar da wurin juyi baya da inci 22 alhali nauyi yana nan kan aksul. Ba a haɗa shi da faranti mai zamewa da kansa.

Ta huɗu ita muka fi ba mai kayan gona shawara. Idan tirelar ta buhuna ce ko ta dabbobi, kuma yanzu za a ƙera ta, to babu dalilin yi mata faffaɗan gaba. A yi mata siririn wuya mai lanƙwasa, wanda ke sauka kan ƙwallon ƙarfe mai inci 2 da 5/16 a tsakiyar bodi, jikin tirelar ya fara daga bayan mota. Siririn wuya ba shi da kusurwar da za ta kai gidan direba, ƙwallo kuma ya fi faranti jure karkacewa a hanya mai kwazazzabai. Dole a sa masa sarƙoƙin tsaro biyu. Abin da ba mu so shi ne a ɗauki tirelar da aka ƙera don faranti a ɗaura mata dogon bututu don ta hau ƙwallo. Bututun yana murɗa wuyan ta inda ba a gina shi ya jure ba, a kwana a tashi walda ta tsage.

Nauyi

Mutane sukan tambayi nawa mota za ta ja. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce nawa za ta ɗauka, domin kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta a kan turke yake sauka. A jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin mota za ka ga GVWR, wato iyakar nauyin mota da duk abin da ke kanta, da GAWR, iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka.

Misali: tirela mai kilo 1,800 ba kaya, an ɗora mata buhu 32 masu kilo 100. Jimla kilo 5,000. Kashi 20 na wannan kilo 1,000 ne a kan turke. Ƙara faranti mai zamewa da dogayensa, a ce kilo 100, da direba da yaran mota biyu, kilo 220. Motar tana ɗauke da kilo 1,320 ke nan. Hilux wajen tan ɗaya take ɗauka, wasu ƙasa da haka, kuma ko sabbin masu dizal ba a ba su izinin jan sama da kilo 3,500 ba. Yawancin Toyota Tundra da Ford F-150, duk da girman jikinsu, ba su kai tan ɗaya a ɗauka ba. Irin wannan lodi sai babbar a-kori-kura irin Ford F-250 ko takwarorinta, su ma bayan an duba lambar da ke jikin ƙofa. Hilux za ta iya da tirelar da jimlarta ba ta wuce kilo 2,500 ba, inda turke zai ɗauki wajen 500.

Ƙara ganyen sifirin yana hana bayan mota zaunawa, amma bai ƙara wa aksul da birki da tayoyi da shasi ƙarfi ba. Hanyar sanin gaskiya sikeli ne, irin na manyan motoci da ke kamfanonin casar shinkafa. Ka auna motar ita kaɗai, sannan ka auna ta da tirela a haɗe amma tayoyin tirela suna wajen sikeli. Bambancin shi ne nauyin turke. Idan ya yi ƙasa da kashi 15, a matso da buhuna gaba, in ba haka ba tirela za ta riƙa fizgar mota. Idan ya haura 25, a mayar da wasu baya. Dabbobi kuwa sai an raba su da shinge a ciki, don kada su taru a wuri ɗaya lokacin birki.

Ɗaurawa

Farantin ba a jikin bodi yake riƙe ba. Ƙasan bodi falle ne, ba zai riƙe tan biyar da ke turo mota lokacin birki ba. Ƙusoshin suna ratsa bodi ne su kama ƙarafan da aka ɗaure a gefen shasi. In da hali a sayi ƙarafan da aka yi wa wannan motar takamaimai, masu amfani da ramukan da ke jikin shasi tun daga kamfani. Kada a yi walda a shasi, kada kuma a huda leɓensa na sama ko na ƙasa, domin nan ne yake ɗaukar lanƙwasa, nan ne kuma tsagewa ke farawa.

Kafin bakanike ya huda bodi, ya leƙa ƙasa ya ga inda tankin mai da bututun birki da wayoyi suke. Ya fara da ɗan siririn rami ya tabbatar ya faɗa inda ake so, sannan ya faɗaɗa. Idan akwai shimfiɗar roba mai tauri a bodi, a yanke ta a wurin, ƙarfe ya zauna kan ƙarfe. A cusa ƙananan ƙarafa a cikin kwarin ƙasan bodi, don kada ɗaurin ya murƙushe shi noti ya saki daga baya. Ƙusoshin su zama masu lamba 10.9 a kai, ko masu zane shida idan na inci ne. A ɗaure da sifana mai awo daidai adadin da takardar farantin ta faɗa, a sake bi bayan tafiyar farko.

Sai tsayi. Tirela ta tsaya daidai, ba gaba sama ba, ba gaba ƙasa ba, in ba haka ba aksul ɗaya zai ɗauki nauyin biyu tayoyinsa su yi zafi. Tsakanin saman bangon bodi da ƙasan tirela a bar aƙalla inci 6. Mai shiga fadama ya nemi 7 ko 8.

Haɗawa

A sa waigi gaba da bayan tayoyin tirela. A sauke marfin bodi. A daidaita ƙafafun tirela yadda ƙasan wuyanta zai yi ƙasa da saman faranti da kamar rabin inci, don ta hau farantin da kanta. Idan ta yi sama, turke zai iya zama a kan muƙamuƙi maimakon cikinsa, hannun ya rufe kamar komai lafiya, da ka ja tirela ta suɓuce ta faɗo kan bangon bodi.

Ka yi ribas a hankali har ka ji ya kama. Ka ja birkin hannu, ka sauko da tocila ka duba da idonka: muƙamuƙi ya zagaye turke, kuma babu haske tsakanin faranti da ƙasan wuya. Ka kulle hannun da fil ɗinsa. Ka jona wayar lantarki mai baki 7, ka ɗaura siririyar wayar birkin gaggawa a jikin mota. Ka ɗaga ƙafafun tirela inci ɗaya kacal daga ƙasa, ka matse birkin tirela da hannu, ka sa giya ka ɗan ja. Idan haɗin bai kama ba, tirela za ta sauka kan ƙafafunta, ba kan bodi ba. Sai bayan wannan za ka naɗe ƙafafun duka, ka rufe marfi, ka cire waigi.

Tirela mai wannan nauyi ba ta hawa hanya sai da birkinta. Na lantarki yana bukatar na'ura a gaban direba. Ka gwada ta a miƙaƙƙiyar hanya da gudun kilomita 40: ka matse birkin tirela kaɗai, ka riƙa ƙara ƙarfi har tayoyi su kusa kullewa, sannan ka ɗan rage. Saitin lodi daban, na tirela ba kaya daban. Batirin birkin gaggawa kuma a riƙa duba cajinsa.

Mai faranti mai zamewa da hannu, ga yadda ake yi. Ka tsaya a miƙe a wuri mai laushin gangare ko marar gangare sam. Ka juya hannun zuwa mazaunin juyi, ka matse birkin tirela, ka ja gaba a hankali har ya faɗa ya kulle. Ka ɗan yi baya don tabbatarwa. Ka gama juyinka. Kafin ka hau titi ka mayar da shi: birkin tirela a matse, ribas a hankali, har ya kulle a gaba. Idan ya ƙi zamewa, yawanci ko mota da tirela ba su miƙe ba, ko birkin tirela bai riƙe ba, ko ƙura ta cushe dogon.

Maganar ƙura ba ƙarama ba ce a nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, giris ɗin da ke kan faranti yakan haɗu da ƙurar hunturu ya koma abin da ke cin ƙarfe. A goge tsohon kafin a sa sabo, ko a sa faifan roba da ake yi don wannan aiki a bar giris ga turke da muƙamuƙi kawai. Dogayen zamewa kuma a bi abin da mai ƙera su ya ce, domin wasu mai marar kauri suke so.

A kan hanya

Tirela mai hawa cikin bodi tana yanke kwana fiye da wadda ke bayan bamba. Ka wuce gaba sosai kafin ka karya, kana kallon tayoyinta a madubi, musamman a shataletale da bakin kwalbati. Madubin ya zama mai fitowa waje har ka ga gefen tirela duka. A ribas tana jinkirin amsawa, sannan ta karye da sauri, don haka kaɗan-kaɗan ake murzawa. Yaron mota ya tsaya inda kake ganinsa, kuma a mota mai gajeren bodi aikinsa na farko shi ne kallon tazarar kusurwar tirela da gidan direba. Ku yi yarjejeniya tun farko: idan ya ɓace daga madubi, ka tsaya. Ko da wuri ya isa, kada ka riƙa gicciye tirela mai aksul biyu da lodi a kan kwalta, domin tayoyinta ba juyawa suke ba, jan su ake yi a gefe.

Dokar hanya ta ƙasa ta ba tirela kilomita 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya, kuma ajin G shi ne lasisin motoci masu haɗi. Ka je ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra da na VIO a Birnin Kebbi da takardun mota da awon tirela, a daidaita maka rajista da lasisi kafin ka fara lodi. A gangaren wajen Zuru ka sauka da giyar da za ka hau da ita, ka riƙa taka birki da ƙarfi kana saki, maimakon ɗora ƙafa a kai har ya yi zafi ya daina kamawa.

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kebbi yakan haura digiri 40, kuma taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin lodi ita ce ke fara fashewa. A auna iska da safe kafin a motsa, kada a rage ta don an ga ta hau bayan tafiya. A jikin kowace taya akwai adadin kilon da za ta ɗauka, a haɗa na biyun baya a ga ko sun kai abin da sikeli ya nuna. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma wannan ya fi zanen taya muhimmanci idan tokumbo za ka saya. Bayan kilomita 20 na farko ka tsaya ka zagaya: ka kusantar da bayan hannu ga cibiyar kowace tayar tirela, wadda ta fi sauran zafi ko birkinta na kamawa ko boris ɗinta ya bushe. Ka sake leƙa muƙamuƙi da fil, ka ja igiyoyin kaya, sannan ka ci gaba.